Kuɗin shiga wuraren tarihi: ni ne na cika ƙorafi ko abin ne ya yi yawa?

Abban Yara:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah inaso inji ra'ayinku kan wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Yarana an yi musu darasin tarihi a makaranta, suka dame ni sai na kai su wani tsohon gini sun gani da idonsu, tun kafin hutu ake maganar nan ina ta cewa sai an yi albashi. To an yi albashin, na cire haya na cire na makaranta na biya wanda ke bina, na ware ɗan abinda nake ganin zai isa mota da shiga, muka kama hanya ni da mamansu da yara biyar. Muna isa ƙofa sai na tarar an ƙara kuɗin tikiti, kuma babu wani rangwame na iyali. Na koma gefe na buga lissafi a waya, in muka shiga dukkanmu na komawa gida ma sai an yi rance. Ƙarshe manyan biyu na sai wa tikiti suka shiga da mamansu, ni da ƙananan uku muka zauna a gindin bishiya muna kallon katanga kusan awa biyu. Autar sai tambayata take wai Abba mu laifin me muka yi.

Tambayata ita ce, abinda kakanni suka gina suka bari, ya dace ace sai mai kuɗi ne zai gani? Ko dai ni ne ban fahimci yadda abin yake ba.

Uwar Marayu:
Wa alaikumussalam. Allah sarki auta, wallahi har na ji ƙwalla. Abban Yara ba kai kaɗai bane, ni na daina ma fara irin wannan alkawarin wa yara saboda kar in ji kunya a bakin ƙofa

Akawu:
Malam Abban Yara Allah ya buɗa. Amma zan faɗi abinda ba za a so ji ba. Gini ba ya riƙe kansa. Akwai mai gadi, akwai mai shara, akwai masu gyaran rufi duk damina, akwai wuta da ruwa da banɗaki, kuma gyaran tsohon gini ya fi gina sabo tsada don ba kowane magini ake ba shi ba. In ba a karɓa a ƙofa ba to daga baitulmali za a ɗauko, baitulmalin kuwa kowa ya san in aka zo rabo asibiti da hanya da albashi ne a gaba, gidan tarihi shi ne na ƙarshe a layi. Ku duba abinda ya faru da babban gidan tarihin Brazil a Rio, a Satumban 2018 gobara ta cinye shi a dare ɗaya, kayan da ke ciki sun kai wajen miliyan 20, kuma shekara da shekaru ma'aikatan suna kukan ba a ba su kuɗin gyara. Da tikiti mai tsada da toka wanne ya fi?

Bakin Ganga:
Toh ga lauyan gwamnati ya iso. Akawu kai kullum sai ka kare masu karba. Wannan gidan na Brazil din ai shima ana biyan kudin shiga, ya hana shi konewa? Matsalar ba karba bace, ina kudin suke tafiya

Akawu:
Ban ce tikiti kaɗai ke riƙe gini ba ƙanina. Cewa na yi wani ne dole zai biya, ko mai shiga ko mai biyan haraji. Babu kyauta a duniyar nan, akwai dai wanda bai san shi ya biya ba.

Ɗan Ci-rani:
Bari in sa baki tunda na ɗan zauna a Ingila. A can manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ne, British Museum, National Gallery, gidan tarihin halittu, na kimiyya, ka taka kawai ka shiga babu mai tambayarka ko sisi. Wasunsu da suna karɓar kuɗi, a Disamban 2001 gwamnati ta soke, kuma nan take mutane suka yi ca, a gidan tarihin Victoria and Albert na Landan masu zuwa sai da suka ninka a shekarar farko. Lokacin da nake ɗalibi ba ni da ko na shayi, in sanyi ya dame ni a ɗaki ina tsoron kunna hita sai in tafi can in wuni, ga ɗumi ga banɗaki mai tsafta ga ilimi, haha. Amma kar ku ɗauka komai kyauta ne, tsohuwar ganuwar Tower of London da duwatsun tarihi na Stonehenge da cocin Westminster Abbey sai ka biya kuma da zafi. Su ma masu kyautan suna samu ta wani gefen, akwatin taimako a ƙofa, shago, wajen shan shayi, da baje koli na musamman wanda shi kam sai da tikiti.

Bakin Ganga:
Yaya Dan Ci-rani British Museum dole ya zama kyauta mana, kayan nasu ne? Tagullar Benin da sojojinsu suka kwaso a 1897, dutsen Rosetta na Masar, gumakan marmara na Girka da har yau Girkawa ke rokon a dawo musu. Barawo ya ce zo ka kalli kayanka kyauta sai a tafa masa? Kuma kyautar wa, wanda aka kwaso daga garinsu sai ya nemi biza ya sayi tikitin jirgi kafin ya ci wannan kyautar

Ɗan Ci-rani:
Wannan kam ba ni da bakin musu 😂

Mai Gudanarwa:
Yan uwa a yi haƙuri, maganar mayar da kayan tarihi mun yi ta a baya kuma ta ci mana kwana uku. A tsaya kan tambayar Abban Yara.

Malam Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, don haka ku yi mini uzuri in na yi tsawo.

Abban Yara, abin da ya fi ba ni takaici a labarinka ba tsadar ba ce, yaran nan uku da aka bari a waje ne. Duk inda aka yi tunani a kan wannan harka, yaro ba a tsayar da shi a ƙofa. A Louvre, babban gidan tarihin Faris, wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga ko daga wace ƙasa ya zo. A Taj Mahal ta Indiya yaron da bai kai shekara 15 ba ba ya biya. Dalilin a bayyane yake, yaron da ya taɓa shiga yana ƙarami shi ne zai girma ya ji zafin a rushe wurin, shi ne gobe zai zama ɗan majalisar da zai ware masa kuɗi ko maginin da zai gyara shi. Wanda kuma abin da ya sani game da wurin shi ne ranar da ya zauna a gindin bishiya aka hana shi shiga, me kuke so ya ji in an ce za a yi kasuwa a filin?

Na kai ɗalibai irin waɗannan wurare ba sau ɗaya ba. Yaron da na yi zango guda ina fama da shi bai riƙe sunan sarki ko ɗaya ba, ranar da ya sa hannu ya shafa bango ya ji kaurinsa, ya tambaye ni ta yaya suka ɗora wannan dutsen ba inji, daga ranar ya zama wani mutum daban a aji. Gani ya kori ji ba karin magana ba ce kawai, hanyar koyarwa ce.

Akawu yana da gaskiya cewa sai an biya. Inda muka rabu shi ne wa za a caja.

Akawu:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar yara na yarda ɗari bisa ɗari, ai kuɗin da ake samu a kansu ma bai taka kara ya karya ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ni dai kuna ta maganar tikiti kamar shi ne duka kashe kuɗin. Ku tambayi mata mu da muke riƙe da cefane. Fita da yara biyar ba tikiti bakwai bane kawai, akwai mota zuwa da dawowa, akwai ruwan sha, akwai abinda za su gani a hanya su ce sai an saya, akwai mai hoto, akwai wanda zai biyo ku ya ce shi ɗan jagora ne, sannan in maigida mai aikin hannu ne ranar nan gaba ɗaya bai samu ko sisi ba. Sau da yawa tikitin bai kai rabin abinda aka kashe ba. Shiyasa ko an ce kyauta ne gobe, mai sayar da kaya a bakin titi ba zai rufe teburinsa ya tafi kallon bango ba, masu zuwa dama su ne za su ƙara zuwa.

Ɗan Ci-rani:
Hajiya kin faɗi gaskiya, a Ingilan ma haka aka gani bayan an soke kuɗin, adadi ya ƙaru sosai amma irin mutanen bai canza can can ba. Masu digiri da yan yawon buɗe ido su suka fi cika wurin

Uwar Marayu:
Amma Hajiya ko ba komai in kyauta ne ai mutum zai iya cewa bari in gwada. Kuma in yaro ya fara kuka bayan minti ashirin sai ki fita ba ki ji asara ba, wata rana ki dawo. In kin biya kuwa dole ki ja su har sai kin ga kin ci kuɗinki, kowa ya gaji kowa ya yi fushi

Hajiya Mai Lissafi:
Wannan kuma haka ne yar uwa, na taɓa jan nawa a dole har ɗaya ya yi bacci a tsaye 😅

Tsohon Ɗan Jagora:
Na yi wannan aikin na zagayawa da baƙi shekara tara kafin in koma wata sana'a, bari in gaya muku abinda ake gani daga ciki. Na farko, tikiti ba don kuɗi kawai ake sa shi ba, wani lokacin birki ne. Ƙafa tana cin dutse, numfashi yana cin fenti. Akwai wani kogo a Faransa, Lascaux, mai zanen dabbobi na mutanen da can can, wasu samari suka gano shi a 1940, aka buɗe wa jama'a a 1948, zuwa 1963 dole aka rufe saboda numfashi da gumin masu shiga sun fara lalata zanen da ya yi dubban shekaru lafiya lau a cikin duhu. Yanzu kwafinsa aka gina a kusa shi ake nuna wa mutane. Akropolis, tudun tsofaffin gine-gine na Atina a Girka, tun 2023 suka ce mutum 20,000 a rana ba ƙari. Machu Picchu, tsohon birnin kan dutse na ƙasar Peru, ma da adadi da lokaci ake shiga.

Na biyu kuma, wanda shi ne ya sa na bar aikin, inda na yi aiki kuɗin ƙofa ba ya zama a wurin. Duk abinda aka tara a tura shi asusun sama, sannan mu rubuta takarda muna roƙon kuɗin gyaran rufin da ke yoyo a kan kayan da mutane suka biya don su gani, takardar ta yi wata takwas ba amsa. Mu ne muke karo-karo mu sai bokiti. To in baƙo ya tambaye ni ina kuɗinmu ke tafiya me zan ce masa? Ga kuma na ƙofa da in ka ba shi rabi a hannu zai bar ka ka wuce ba rasit. Ba zan kama suna ba.

Bakin Ganga:
Yauwa!! Akawu ka ji daga bakin mai daki, shi ya san inda yake masa yoyo

Akawu:
Na ji, kuma wannan sata ce da rashin tsari, ba hujjar soke tikiti ba. Akwai inda aka faɗi rabon a fili. Pantheon ta Rum, tsohon ginin Romawa da ya zama coci, da kyauta ce, a Yulin 2023 suka sa yuro 5, suka ce kashi 70 na ma'aikatar al'adu don kula da ginin, kashi 30 na coci. Mazauna Rum ba sa biya, yara ba sa biya, mai zuwa ibada ba ya biya. A Angkor ta Kambodiya tikitin kwana ɗaya dala 37 ne ga baƙo, dala 2 daga ciki asibitin yara ake ba, ɗan ƙasa kuma kyauta yake shiga. In mutum ya san inda kuɗinsa za su ai ba ya jin ciwo sosai.

Ƙanwar Kowa:
Yayyena ni tambaya gareni. Maganar birki da Baba Ɗan Jagora ya yi, in cunkoso ne matsalar me yasa sai da kuɗi za a rage mutane? Ai ana iya cewa mutum kaza a rana, wanda ya riga yin rajista shi ya samu. In ka ce kuɗi ne birki to talaka kaɗai ka taka wa birkin, mai kuɗi ko an ninka sau goma zai shiga kuma ƙafarsa ma tana cin dutsen

Tsohon Ɗan Jagora:
Kai yarinyar nan Allah ya yi miki albarka. Haka ne. Birnin Venis na Italiya ma sun gwada, a Afrilun 2024 suka fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa su wuni su tafi a ranakun cunkoso, kuɗi sun shigo amma garin bai daina cika ba. Wanda ya biya jirgi da otal yuro biyar ba za ta mayar da shi gida ba. Sai dai rajistar ma tana da nata, yawanci ta intanet ce da katin banki, dattijon da ba shi da babbar waya an sake barinsa a gindin bishiya kenan, sannan yan kasuwa su saye gurabun su sayar a bayan fage.

Ɗan Ci-rani:
Ni abinda nake ganin ya fi adalci shi ne farashi biyu. Taj Mahal ɗan Indiya rupi 50, baƙo rupi 1,100, sai ƙarin 200 ga duk mai son shiga cikin ainihin kabarin. Petra ta Jodan ɗan ƙasa dinari 1, baƙon da ya kwana a ƙasar dinari 50, wanda ya tsallako ya wuni ya koma 90. Har Louvre da ta daɗe tana farashi ɗaya ta bi sahu, daga yuro 17 ta koma 22 a 2024, sannan daga Janairun 2026 wanda ba ɗan ko mazaunin yankin tattalin arzikin Turai ba 32. Baƙo ya ɗauki nauyin gyara, ɗan gida ya shiga da sauƙi, shikenan.

Bakin Ganga:
Yaya tsaya. Na Indiya da Jodan na gane, mai karfi ne ke biya wa mara karfi. Amma na Louvre ai juyawa aka yi, Bajamushe mai albashin yuro ya biya 22, dalibi daga Mali ko Bangladash ya biya 32, wannan wane irin adalci ne? Fasfo ba shi ke nuna aljihu ba

Hajiya Mai Lissafi:
Yau dai Bakin Ganga ya faɗi magana mai ma'ana, a rubuta ranar.

Bakin Ganga:
Hajiya kullum ina fada, kune bakwa saurare

Akawu:
Hujjarsu ita ce ɗan ƙasa ya riga ya biya ta haraji. Kuma ginin Louvre ɗin na buƙatar gyara mai yawa, kun ga ai a Oktoban 2025 da rana tsaka ɓarayi suka hau ta taga suka kwashe kayan ado na sarauta cikin yan mintuna. Amma na yarda ba kowane baƙo ne mai kuɗi ba, kamar yadda ba kowane ɗan ƙasa ne talaka ba. Attajirin Mumbai ma rupi 50 yake biya.

Malam Mai Ritaya:
Ku ƙara da wannan. Kalmar ɗan ƙasa ma ta yi faɗi. Akwai ɗan ƙasa, akwai wanda a jikin bangon aka haife shi. A Petra akwai Larabawan ƙauye da ke zaune a cikin kogunan, a shekarun 1980 aka tashe su aka gina musu ƙauye a gefe, lokacin da wurin ke shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 1985. Yau jikokinsu ne ke jan raƙuma da jakuna suna sayar wa baƙi tsaraba a inda kakanninsu suka kwana. Wannan ya fi tikiti ciwo. Idan wuri ya zama na duniya, sau da yawa maƙwabcinsa ne farkon wanda ake fitarwa.

Ku kwatanta da babban masallacin Djenne a Mali, ginin ƙasa ne, wanda ke tsaye yanzu tun 1907 yake, kuma duk shekara mutanen garin ne ke fitowa kwansu da kwarkwata su yaɓe shi, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na kwaɓa. Ba ɗan kwangila ba ne ya riƙe shi fiye da shekara ɗari. Mutum yana gyara abin da yake ji nasa ne.

Uwar Marayu:
Baba tunda ka kawo masallaci, ni abinda ban gane ba shi ne karɓar kuɗi a wurin ibada. Wannan ai bai kamata ba ko a wane addini

Ɗan Ci-rani:
Anti yawanci raba ƙofa suke. Hagia Sofiya ta Istanbul da gidan tarihi ce ana biya, a 2020 aka mayar da ita masallaci shiga ta zama kyauta, cunkoso ya yi yawa har ƙofofi suka fara lalacewa, sai a Janairun 2024 suka ce baƙo mai yawon kallo yuro 25 kuma ta sama zai bi, mai sallah ya shiga ƙasa kyauta. Westminster Abbey ma in ibada ka zo ba ka biya. Notre-Dame, babban cocin Faris, kuwa bayan gobarar 2019, da za a sake buɗewa a Disamban 2024 ministar al'adu ta kawo shawarar a riƙa karɓar yuro 5, shugabannin cocin suka ce a'a, ba za su tsaya a ƙofa suna tantance wa ya zo addu'a wa ya zo hoto ba. Har yanzu kyauta ce.

Bakin Ganga:
Toh ni in naje Istanbul alwala zanyi in shiga, in idar in daga kai in kalli rufin, wa zai ce ban yi sallah ba

Hajiya Mai Lissafi:
Ka fara samun na jirgin tukunna ɗana 😂

Abban Yara:
Na gode kwarai yan uwa, ina ta karantawa a wajen aiki ban samu na amsa ba. Gaskiya da na rubuta da zafi na rubuta, a raina cewa nake a soke kuɗin gaba ɗaya. Yanzu na ɗan sauko, don ni ma na ga ma'aikatan wurin, wani dattijo yana ta share ganye a rana kuma nasan ba iska yake ci ba. Amma har yanzu ban ga dalilin da zai sa a caji yarinya yar shekara shida ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a ƙara kuɗi ba a sanar ba sai mutum ya kwaso iyali ya zo. Da na sani tun daga gida da na ƙara wata ɗaya ina tarawa, ko in tafi da biyu kawai ba tare da sauran sun sa kayan fita ba. Kayan fitar nan ne ya fi ci min rai wallahi, tun dare suka goge takalma.

Uwar Marayu:
Kai Abban Yara ka daina, za ka sa mu kuka a cikin mutane

Hajiya Mai Lissafi:
To bari in ba ka irin dabarun mu na masu ƙaramin ƙarfi, ba wai na fi ka sani ba. Kafin ka fita ka kira ko ka aika wani ya tambayo farashin ranar, kar ka dogara da abinda wani ya gaya maka bara. Ka tambaya ko akwai ranar kyauta don wurare da yawa suna da ita amma ba sa tallata ta, Italiya Lahadin farkon kowane wata wuraren gwamnati kyauta ne tun 2014, Faransa kuma tun 1984 suke da ranakun gado a watan Satumba da ake buɗe har gidajen da ba a saba shiga ba, sannan 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi ce ta duniya, wasu na yin rangwame. Ka tafi da katin makarantar yaran. Ruwa da abin taɓawa daga gida. Kuma abinda ya fi duka, ka je wajen malamin da ya yi musu darasin ka ce makaranta ta rubuta takarda a kai ajin gaba ɗaya, kuɗin rukuni na ɗalibai ba ɗaya yake da na mutum ɗaya ba, mota ma in an haɗa ta fi sauƙi. Ni ina da gwangwani da nake jefa canjin cefane, ba na taɓa shi sai hutu, ba ya yin yawa amma yana kai mu wuri ɗaya a shekara.

Ƙanwar Kowa:
Hajiya ranar kyautan nan na taɓa zuwa, layi tun daga titi, na shiga ban ga komai ba sai ƙeyar mutane. Kamar an ce talaka ga ranarku ku zo ku matse juna

Tsohon Ɗan Jagora:
Mu ma'aikata ranar nan muka fi tsoro, a rana ɗaya ake ɓarnar wata guda. Da ni ake tambaya da sai in ce a bar rana ɗaya a wata, a ba duk mazaunin yankin kati ya shiga duk ranar da ya ga dama, mutane su rarrabu. Kuma masu zuwa da sassafe ranar aiki ai wurin fayau yake, me zai hana a sauke farashin wannan lokacin.

Akawu:
Wannan shawara ce mai kyau kuma ba ta cin kuɗi sosai. Amma in tuna muku kyauta ma tana da ranar kuka. Gidajen Smithsonian na Washinton kyauta ne saboda gwamnatin tarayya ke ɗaukar mafi yawan nauyinsu, amma duk ranar da yan majalisa suka kasa daidaitawa kan kasafi aka rufe gwamnati, su ma a garƙame su, a Janairun 2019 makonni suka yi a rufe. Gidan tarihin Met na New York kuma shekaru da dama ka biya abinda ka ga dama ne, a 2018 suka ce wanda ba mazaunin jihar ba dala 25 dole, saboda masu bayarwa da son rai sun yi ta raguwa.

Bakin Ganga:
Akawu kai ko a aljanna sai ka tambayi wa ke biyan kudin wuta

Akawu:
Wani ne dai ke biya 😄

Mai Gudanarwa:
Bakin Ganga a kiyaye harshe dan Allah.

Malam Mai Ritaya:
Abban Yara, manyan biyun da suka shiga, me suka ce da suka fito?

Abban Yara:
Baba ai tun a mota suka hana kowa sakat. Babban wai shi ƙofofin ne suka ba shi mamaki, gajeru ne sai ka sunkuya, yana tambaya ko mutanen da gajeru ne. Ta biyun kuma ta zana wurin a bayan littafin lissafinta tana nuna wa ƙannen, nan ne rijiya nan ne matakala, su kuma suna ta gardama wai ƙarya take tunda ba su gani ba. Maganar takardar makaranta da Hajiya ta kawo zan je in sami malamin nasu ranar Litinin in sha Allah.

Malam Mai Ritaya:
Ka ce wa babban ya rubuta dalilai uku da yake zaton sun sa aka yi ƙofar gajeruwa, kar ka gaya masa amsa. In an samu tafiyar ajin ya tambayi ɗan jagora ya ga ko ya dace da ɗaya.

Uwar Marayu:
In takardar ta yiwu dan Allah ka sanar a nan yadda aka rubuta ta, nima in kai wa makarantar nawa

Bakin Ganga:
Ni dai amsar kofar nake jira, Baba ka fada mana mu manya a boye